Ranar da Bara'atu ta sauke sunan Alhaji

A Ƙofar Kwaya cikin Katsina aka haifi Bara'atu Sada, a gidan da ke bayan rumfar masu gyaran keke. Ubanta Malam Sada dillalin fata ne. Ya rasu tana aji huɗu a firamare, bai bar komai ba sai gidan da mutunci. Amininsa tun na yarinta, Alhaji Babaji mai siminti, shi ya tsaya mata har ta gama sakandare. Baba take ce masa, shi kuma ya ce mata ɗiyata, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya a gabansa.

Aikinta na farko a wata ma'aikatar gwamnati ne a GRA, zamanin soja. Ita ce mai haɗa waya. Tana zaune gaban wani allo mai ramuka da ƙananan fitilu, kira ya shigo, ta ji wanda ake nema, ta soka igiya a raminsa. Ramukan nan jere suke bisa girma. Na babban sakatare ne a sama, sai na daraktoci, sai na akawuna can ƙasa inda sai ta sunkuya. Idan fitilar sama ta kama, ko wa ke magana za ta katse shi. Sau ɗaya ta bar babban sakatare yana jira don wani masinja na sanar da mutuwa a gidansu, aka ba ta takardar gargaɗi. Ba ta sake ba. Shekarun da ta yi a kujerar nan sun dasa mata abu ɗaya har cikin ƙashi: babba a sama yake zama.

Ta yi aure ta fito. Babu abin ba da labari a ciki.

Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ba a daɗe ba wayar hannu ta shigo gari. Kowane darakta ya sa tasa a aljihun babbar riga, allon Bara'atu ya yi shiru. Ta riƙa zuwa tana zama tana kallon fitilun da ba su kamawa, har aka sallame ta. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga wata makarantar koyon kwamfuta da ke saman wani shagon magani, ta zauna cikin yaran da ta isa ta haife su. Suna yi mata dariya don da ƙarfi take dukan maɓallai, kamar mai tafireta. Ta gama da su, ta ƙara wani kwas a kan kula da manyan na'urori, don ta lura ba mai son zaman ɗakin da suke.

Shi kuwa Alhaji Babaji siyasa ta ja shi ta yar. Ya nemi takara bai samu ba. Abin da ya fi ci masa rai ba faɗuwar ba ce. A wani taron jam'iyya aka buga takardar manyan baƙi, aka sa sunansa a ƙarƙashin na wani matashi wanda ubansa ya yi masa dakon siminti. Alhaji ya karanta, ya naɗe takardar, ya tashi ya fita kafin a kawo abinci. Duk garin an san wannan labari, kuma an san ba a tayar da shi a gabansa. Bayan nan ya gina makarantar koyon unguwarzoma a Kambarawa. Wasu suka ce don Allah ya yi, wasu suka ce don a ga sunansa a jikin bango. Duka biyun gaskiya ne.

Bara'atu ce ta nemo ɗaliban farko. Ta bi gidajen cikin gari ɗaya bayan ɗaya, tana zama a tabarma tana shan fura da ba ta so, tana lallashin iyaye. Maƙwabciyarta Delu, mai saƙar hula, ita ta fi kowa wuya. 'Yarta Furera ce hannunta na dama a sana'ar.

"Malama, kin san dai ni ba ni da wani ɗa sai ita," in ji Delu. "Idan ta gama zaman nan ba takarda a hannu, wa zan nema?"

"Ni za ki nema."

"Ba Alhaji ba?"

"Na ce maki ni."

Haka ta faɗa a gidaje da yawa, kuma duk sun riƙe.

A makarantar akwai wani ɗan ɗaki marar taga sai guda ƙarama, inda babbar na'urar da suke kira saba take. Wani injiniya daga Zariya ya kafa ta, ya nuna wa Bara'atu yadda ake kula da ita, ya tafi ƙarin karatu ƙasar waje. Aikin sabar bai yi nisa da wanda ta saba ba. Wanda ya zo shafin makarantar ta intanet yana rubuta adireshi, a ƙarshensa akwai guntun suna bayan wata 'yar sanda a karkace. Idan ya rubuta /dalibai, sai a kai shi wurin sunayen ɗalibai. Idan /karatu ne, ɗakin karatu. Akwai /tantancewa, wanda ba na mutane ba ne, na na'urar hukumar jarrabawa ce da ke Abuja, ta nan take zuwa ta kwashi sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar ƙarshe. Duk waɗannan an rubuta su layi layi a fayil guda, kowane adireshi da ƙofar da za a tura shi. Layin ƙarshe sandar ce ita kaɗai, ba suna bayanta, kuma tana kai mutum shafin maraba, inda hoton Alhaji yake da jawabinsa. A gaban layin injiniya ya rubuta sunan Alhaji Babaji da manyan baƙaƙe.

Kalmar sirrin da ake buɗe fayil ɗin da ita tana wurin Alhaji. Shi ɗan kasuwa ne, bai taɓa ba yaro makullin shago ba, bai ga dalilin da zai fara yanzu ba. Duk ranar da ake bukatar gyara, da kansa yake zuwa ya zauna, kowa ya juya baya, ya buga kalmar da yatsa ɗaya. Sannan ya ja kujera ya zauna a bayan Bara'atu, ba ya tashi sai an rufe a gabansa.

Wata rana ana shirin bikin buɗe sabon ginin kwanan ɗalibai, ya buɗe mata don ta ƙara layi ɗaya. Yana kallon fuskar kwamfutar, ya gyara tabarau.

"Ɗiyata, ina nawa a ciki?"

Ta gangara ƙasa ta nuna masa. Sunansa ne na ƙarshe, a ƙarƙashin ɗakin karatu.

Ya zuba wa layin ido. Kallon ne ya ishe ta. Kunya ta kama ta kamar ita ta rubuta, ta ji haushin ɗan Zariya da rashin sanin ya kamata. Kafin Alhaji ya buɗe baki ta yanke layin ta kai shi can sama, ta ajiye fayil ɗin.

"Allah shi yi maki albarka," in ji shi.

Ta gwada shafukan, komai na aiki yadda yake. Ba ta tuna ba a lokacin cewa sabar ba ta sake karanta fayil ɗin sai an kashe ta an kunna. Ita kuwa tana kan inbata mai riƙe ta da batir idan an ɗauke wuta, wata da watanni ba ta mutu ba. Aka yi biki aka watse, maganar ta fita daga kan kowa.

Makon da hukumar Abuja ta buɗe karɓar sunaye, ta sanar cewa za ta rufe ranar Alhamis da tashin ma'aikata, makarantar da sunayenta ba su shiga ba sai baɗi. A farkon makon aka ɗauke wuta aka daɗe, batiran inbata da suka tsufa suka ƙare, sabar ta mutu. Da aka tayar da janareta ta dawo, fitilunta na kamawa lafiya lau. Bara'atu ta share mata ƙura ta fita.

Washegari wani jami'in hukumar ya kira ofishin rajista. Siddiq ne ya ɗauka, ɗan Alhaji na uku, wanda ke riƙe da rajistar makarantar. Ya saurara, ya rufe bakin wayar da hannu, ya ƙwala kira.

"Yaya Bara! Zo ki ji wani abu."

Ta karɓa. Jami'in ya gaji da maimaitawa.

"Hajiya, na'urarmu tana zuwa wurinku neman sunaye, ana ba ta hoton wani dattijo da babbar riga yana yi mana barka da zuwa. Mun gode da barkar, amma ba za mu iya sa shi a jarrabawa ba."

Ta koma ta zauna gaban kwamfutarta ta rubuta /tantancewa. Alhaji ya fito, da murmushinsa da carbinsa. Ta rubuta /dalibai. Alhaji. Ta rubuta /karatu. Alhaji.

Siddiq ya tsaya a kanta yana cizon yatsa.

"Wallahi 'yan adawa ne. Sun shigo mana ta intanet don su mai da Baba abin dariya."

"'Yan adawar da ba su iya buga katin gayyata ba?"

"To ƙwayar cutar kwamfuta ce."

Ta bi duk abin da take iya bi ba tare da kalmar sirri ba. Ta duba igiyoyi, ta hau tsani ta leƙa farantin intanet da ke kan rufi, ta wanke kwamfutocin ofis da maganin ƙwayar cuta. Ta aika wa injiniyan Zariya saƙo, ba amsa. Siddiq ya kawo wani mai shagon intanet daga cikin gari, ya zo ya sha lemo, ya ce a goge komai a sake daga farko, zai ɗauki mako biyu. Suka sallame shi.

Alhaji da ya ji labari bai ga abin tashin hankali ba da farko. Siddiq ya nuna masa, ya ga duk inda aka taɓa shi ne ke fitowa, har ya yi 'yar dariya.

"To mi ya ɓaci a nan?"

"Baba, sunayen yara ba su tafi ba."

"A buga a takarda, direba shi kai Abuja."

Aka tambaya. Hukumar ta ce ta daina karɓar takarda tun bara.

Zuwa Laraba maganar ta fita daga makaranta ta shiga gari. Ɗalibai suka daina shiga aji, suna tsaye gungu gungu a ƙarƙashin darbejiya suna kallon ƙofar ɗakin sabar. Da Bara'atu ta koma gida da la'asar ta tarar da Delu zaune a dokin ƙofarta, da hular da take saƙawa a cinya, allura a tsaye. Ko gaisuwa ba ta ja ba.

"Malama, ga ni. Ke kika ce in nema."

"Na ce."

"Furera ta ce sai baɗi. Gaskiya ne?"

"Ba a rufe ba tukuna."

"Ban tambaye ki ko an rufe ba. Yarinyar nan ta bar mani aiki ni kaɗai, idanuna sun kusa tahiya. Ubanta ya ce idan aka ce baɗi, ta dawo gida ke nan. Kuma ba shi kaɗai ya faɗa ba, ki zagaya ki ji."

Delu ta tattara zarenta ta tafi.

Da asubar Alhamis ta isa makaranta tun mai gadi bai sha shayi ba. Ta zauna gaban kwamfutar, ba sauran abin gwadawa. Don haushi kawai ta rubuta adireshin da ba ya nan, ta buga /babu-komai. Da can idan aka nemi abin da babu, ta san shafin Alhaji ake kai mutum, amma yau tana so ta ga ko akwai wani bambanci, ko da na ƙiftawar ido ne, tsakanin adireshin gaske da na ƙarya. Babu. Alhaji ya fito da sauri ɗaya. Ta zuba wa hoton ido. Wato sabar ba ta ma neman ƙofar da aka tambaya. Tana ganin sandar farko take miƙa mutum ga Alhaji, ba ta karanta abin da ke bayanta.

Ta jawo littafin kwas ɗinta daga durowa, ta buɗe babin tura adireshi. Maganar tana nan a tsakiyar shafi, ta ma taɓa ja mata layi da jan biro. Na'urar daga sama take fara karantawa, layin farko da ya dace shi take bi, ba ta duba na ƙasa. Kowane adireshi kuwa da sanda yake farawa. Layin da ke sanda kaɗai ya dace da kowa, shi ya sa ake ajiye shi a ƙarshe, ya tari wanda bai samu ƙofa ba.

Sai ta tuna ranar shirin biki, da tabarau, da albarkar da aka sa mata.

Siddiq na shigowa ta rufe ƙofa ta faɗa masa. Ya zauna a kan tebur.

"Kin tabbata?"

"Ban ga fayil ɗin ba tun ranar. Amma ba ni da wani zato."

"Wato sai an mayar da Baba ƙasa."

"Can ƙasa."

Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"Yaya, ni dai ba da bakina ba. Kin manta taron jam'iyya? Har yau ba ya bin titin gidan mutumin nan. Bari ya buɗe, ni in ja shi waje da wata magana, ke ki yi abinki."

"Ka taɓa ganin ya tashi kafin a rufe?"

Ta jawo jakarta, ta ƙara da cewa:

"Kuma duk ranar da ya sake buɗewa zai gani. Gara ya ji daga gare ni."

Ta hau acaɓa zuwa gidan Alhaji. Zauren cike yake da maza, masu gaisuwa da masu neman alfarma, ba wurin da mace za ta tsaya ta yi irin wannan magana ba ne. Ta shiga cikin gida ta gaida Hajiya matar Alhaji, ta aika a faɗa masa. Ta zauna tana jin muryoyinsu ta bango. Wani na ba da labarin farashin siminti a Legas, wani ya kawo ƙarar surukinsa. Rana na hawa. Aka kawo mata kunu ta ajiye a gefe. Da ya shigo daga ƙarshe ta durƙusa, ta yi gaisuwar gaba ɗayanta, ina kwana, ina gajiya, ya jiki, ya jama'a, ba ta tsallake ko ɗaya ba, don ta san idan ta gajarta zai lura, kuma zai fara jin haushi tun kafin a je ga maganar.

"Baba, ina roƙo ka zo ka buɗe mani. Ina jin na gano."

"Mi ne ne?"

"Sai mun je zan nuna maka."

Ya dube ta, ya sa a fito da mota. Sai da ya yi azahar a masallacin unguwa suka kama hanya.

A ƙofar makaranta iyaye mata sun taru, Delu a gaba. Suka buɗe wa motar hanya, ba wadda ta yi guɗa, ba wadda ta gaishe shi. Alhaji ya ga wannan, fuskarsa ta canza.

A ɗan ɗakin su uku ne, shi da ita da Siddiq. Suka juya baya, ya buga kalmarsa a hankali. Ta zauna ta buɗe fayil ɗin. Layin na nan a sama inda ta kai shi, da sunan da manyan baƙaƙe.

"Baba, ka ga wannan layin naka. Ni na kawo shi nan, ba kai ka ce ba. Shi ya tare hanya. Duk wanda ya zo, wurinka yake tsayawa, ba ya wucewa ciki. Sai na mayar da shi inda yake."

"Ina yake?"

"Ƙasa."

Janareta na ruri a bayan ginin. Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

"Bara'atu, ni na san yadda ake wannan abu. Da takarda aka yi mani wancan karo, yanzu da inji. Wa ya zauna da ke?"

"Wallahi ba kowa, Baba. Injin bai san ka ba. Bai san kowa ba. Daga sama yake karatu, abin da ya fara samu shi ke nan."

"To ki sa ni na biyu. Na yarda Abuja ta hau kaina."

"Duk wanda ke ƙarƙashinka ba za a kai gare shi ba. Na Abuja ma yana jawo sunayen ne daga na ɗalibai."

"Na uku."

"Baba, sai ƙarshe."

"Karanta mani waɗanda za su hau kaina."

Ta karanta. Tantancewa, ɗalibai, malamai, ɗakin kwana, ɗakin karatu.

"Har ɗakin kwana," in ji shi. Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma kana tsaye kamar turke. Da bakinka a ciki?"

"Ranka shi daɗe, ni rajista na sani."

Alhaji ya mai da ido kanta.

"Kin tabbata idan kika sauke ni abin zai tashi?"

Ƙarya a nan da ta yi mata sauƙi.

"Ban tabbata ba. Ina kyautata zato."

"Zato. Za ki sauke ni a gaban ɗana a kan zato."

"Idan ba shi ba ne, zan mayar da kai da hannuna, in fita in gaya wa matan can cewa ni na kasa. Amma Baba, ana gab da tashi a Abuja. Yaran nan ni na shiga gidajensu."

Ta ƙaramar tagar ana jin wata yarinya na kuka, wata na ce mata ta yi shiru. Bara'atu ta ɗora hannu a kan maɓallan ba ta danna ba. Ba ta taɓa yin abu a ɗakin nan ba tare da ya ce to ba, kuma ta fahimci yau ba zai ce ba. Ya miƙe tsaye, ya juya ya fuskanci bango, ya harɗe hannuwa a baya, carbin na lilo. Bai fita ba, bai kuma hana ba.

Ta yanke layin. Ta gangara, ta wuce ɗalibai, ta wuce ɗakin kwana, ta liƙa shi a ƙarshe. Ta ajiye fayil ɗin. Saura a kashe sabar a kunna, kuma ba batir, idan janareta ya yi tari a tsakiya ba ta san abin da zai biyo ba. Ta ce wa Siddiq ya je ya tsaya a kan janaretan da kansa, kada kowa ya kunna ko fanka. Ya fita da gudu, yana murnar samun dalilin fita.

Ta buga wa sabar umarnin ta mutu ta tashi. Fitilun suka mutu, ƙarar fankar cikin na'urar ta tsaya, ɗakin ya yi tsit har tana jin numfashin Alhaji. Sannan fitila ɗaya ta kama, ta biyu ta bi. Rubutu ya riƙa gudu a fuskar kwamfutar. Ta jira ya tsaya. Ta rubuta /dalibai.

Sunaye suka sauko. Ta ga Furera Almu a tsakiya.

Ba ta yi hamdala da ƙarfi ba, don ba a gama ba. Ta kira Abuja. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake. A karo na uku jami'in ya ɗauka, ana jin yana tattara kaya.

"Yallaɓai, makarantar Kambarawa ce ta Katsina. Don Allah a sake gwadawa."

"Hajiya, ni har na sa hula."

"Don girman Allah."

Ya yi tsaki, ta ji ya ja kujera. Ta riƙe wayar da hannu biyu. Alhaji bai juyo ba, amma carbin ya daina motsi.

"To, dattijon ya tafi," in ji jami'in. "Ga sunaye suna shigowa. Sun shiga. Ku riƙa yin abu da wuri."

Ta ajiye wayar.

"Baba, sun shiga."

Ya juyo, ya sunkuya ya duba fuskar kwamfutar, ya bi layukan da yatsa har ya kai ƙasa.

"Yanzu wa zai gan ni?"

"Wanda ya rubuta sunan makaranta kawai. Da wanda ya nemi abin da babu."

"Wato wanda ya ɓata hanya shi ne nawa."

Ya ce ta rufe, ta rufe a gabansa. Ya fita ya wuce ta tsakiyar matan, suna yi masa godiya da addu'a, don sun ɗauka shi ya zo ya gyara. Ya ɗaga masu hannu ya shiga mota.

Ɗaliban sun zauna jarrabawa a shekarar. Mafi yawa sun ci, wasu sun faɗi, kamar kowace jarrabawa. Furera ta faɗi takarda ɗaya, ta sake ta ci, yanzu tana karɓar haihuwa a wani asibitin karkara a hanyar Jibiya. Delu ba ta taɓa zuwa ta ce an gode ba, Bara'atu ma ba ta sa rai ba.

Alhaji bai kore ta ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Tana nan a ɗan ɗakin har ya rasu, yana zuwa yana buɗe mata, tana gaishe shi yana amsawa daidai gwargwado. Sai dai da babbar sallar shekarar da abin ya faru ta zo, cinyar ragon da ake aiko mata daga gidansa tun tana yarinya ba ta zo ba. Ta jira har yamma. Washegari ta je kasuwa ta sayi nama kilo ɗaya ta soya.